Wane ma'auni ya dace a bi wajen ba da lasisin rediyon sha'awa?

Malamin Fiziks, Katsina:

Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata makarantar sakandare a cikin garin Katsina, kuma ɗalibaina sun daɗe suna roƙona mu kafa ƙungiyar rediyon sha'awa, irin wanda mutum yake haɗa na'urarsa da eriyarsa, ya yi magana da takwaransa a wata ƙasa ba tare da layin waya ko intanet ba, kuma ba don neman kuɗi ba. Ba a yarda kowa ya hau iska ba sai yana da lasisi da lambar kira, wadda a Najeriya take farawa da 5N. Wasu suna cewa a sassauta jarrabawar samun lasisin domin matasa su shigo, wasu kuma suna ganin sassauci zai zubar da darajar abin. Wane ma'auni ne ya dace da mu, kuma shin wannan sha'awa tana da makoma a zamanin da kowane yaro yake riƙe da waya?

Mai Gyaran Rediyo, Daura:

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri bisa kula da yaran nan. Ni ina cikin masu ganin kada a sassauta, amma ba ina nufin a dawo da jarrabawar alamomin Mos, wato aika saƙo da gajeru da dogayen sautuka, ba. Wannan magana ta ƙare tun 2003, lokacin da taron rediyo na Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, wato ITU, a Janiba ya bar wa kowace ƙasa zaɓin ta riƙe sharaɗin ko ta ajiye shi. Ingila ta ajiye a shekarar, Amurka ta biyo baya a 2007. Abin da nake tsoro shi ne a ba da lasisi ga wanda bai san yadda na'urarsa take aiki ba. A yankinmu, wurin masu sha'awa a zangon rediyon da ake kira mita 40 daga megahaz 7.0 ne zuwa 7.2, daga nan kuma sai manyan gidajen rediyo na gajeren zango. Wanda bai iya auna eriya ba, bai kuma san yadda ake tace sigina ba, zai iya shiga gonar wani ba da saninsa ba. Mu a Daura ba mu da nisa da Kwangwalam, kan iyakar Nijar, kuma iska ba ta tsayawa a shingen kwastan. Kuskuren da aka yi a nan ana iya jin sa a Damagaram, inda masu lambar 5U ta Nijar suke ƙarƙashin wata hukuma dabam. Ga kuma batun wuta da tsawa, domin dogon ƙarfe a kan soro lokacin damina ba abin wasa ba ne.

Injiniyar Sadarwa, Dutsin-Ma:

Baba, duk abin da ka lissafa gaskiya ne, sai dai ina ganin ba lallai a ɗora wa mai farawa dukan wannan kaya a rana ɗaya ba. Ƙasashen da suka daɗe a harkar sun raba lasisin hawa-hawa. Ingila ta fito da lasisin matakin farko a 2002, wanda yake ba mutum damar hawa iska da ƙaramin ƙarfi bayan ya koyi ƙa'idoji da kiyaye lafiya. A Amurka matakai uku ne, kuma jarrabawar matakin farko tambayoyi 35 ce, ana cin ta da amsa 26 daidai, yayin da ta matakin ƙoli take da tambayoyi 50. Da haka ilimin da kake so yana nan, amma ana kai wa gare shi a hankali, mutum yana koyo yana gwadawa.

Game da makoma kuwa, sauƙin jarrabawa kaɗai ba ya riƙe mutane. Japan ta taɓa samun tashoshin masu sha'awa fiye da miliyan ɗaya a shekarun 1990, amma da wayar hannu ta yaɗu sai adadin ya faɗi ƙasa da rabin haka. Wanda ya shigo don hira kawai, WhatsApp zai ɗauke shi. Wanda yake zama shi ne mai son gane yadda abu yake aiki, kuma a yau akwai abin da zai ja shi. Tsarin FT8, wanda Joe Taylor, mai lambar Nobel ta fiziks, ya fitar tare da abokin aikinsa a 2017, yana sa kwamfuta ta tsinto siginar da kunne ba ya iya ji, har ƙaramar na'ura mai aiki da batir da hasken rana ta kai wata nahiya. Akwai kuma tauraron ɗan'adam na ƙasar Katar da aka harba a 2018, wanda masu sha'awa suke kira QO-100. Yana tsaye wuri ɗaya a samaniya, Afirka duka tana ƙarƙashinsa, kuma ana kama shi da irin farantin dish ɗin da yake kan gidajenmu. Ɗalibin kwalejin fasaha a Katsina ko Daura zai koyi abu mai yawa daga nan.

Ɗan Kasuwa, Jibiya:

Malam, ku gafarce ni, akwai abin da ba a taɓo ba, kuma a wurinmu shi ne kan gaba. A halin da jiharmu take ciki, duk wanda aka gani da wayar oba-oba ko doguwar eriya, tambayar farko da jami'in tsaro zai yi masa ita ce wa yake yi wa aiki. Ƙananan na'urori irin su Baofeng suna shigowa kasuwa da araha, ana saye ba tare da takarda ba, kuma ba kowane mai saye ne mutumin kirki ba. Saboda haka ni a ganina lasisi kariya ce ga yaran, kuma ma'aunin da ya fi muhimmanci shi ne a tantance mutum, a san sunansa da unguwarsa, sannan jami'an da suke kan hanya su san kamannin takardar idan an nuna musu. Dokar rediyon sha'awa ma tana taimakawa, tunda ta hana ɓoye ma'anar saƙo, ta kuma wajabta wa mutum ya riƙa faɗin lambar kiransa. Mun ga yadda rayuwa ta kasance a 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a wasu ƙananan hukumomin jihar nan, mutane suna tafiya mai nisa don kawai su sanar da rasuwa. Ko da wata rana za a amfana da masu sha'awa a lokacin ambaliya ko wata masifa, sai idan hukuma ta riga ta san su ta kuma amince da su.

Mai Gyaran Rediyo, Daura:

'Yata injiniya, na yarda da tsarin hawa-hawa, muddin matakin farko ya ƙunshi gwaji na hannu, ba zaɓen amsa a takarda kaɗai ba. Malam, shawarata ita ce ka rubuta wa ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta Najeriya, wato NARS, domin su nuna maka hanyar neman lasisi, ka kuma sanar da shugaban makaranta da ofishin 'yan sanda na yankinku kafin a ɗaga komai. Kafin takarda ta fito, yara su fara da sauraro kawai. Ku sami waya biyu ta tagulla, kowace mai tsawon kimanin mita 10, ku haɗa su a tsakiya da kebul zuwa rediyon da yake kama SSB, wato salon aika murya da masu sha'awa suke amfani da shi, ku ɗaure wannan eriyar nesa da wayar lantarki. Bayan magariba ku buɗe mita 40, kowane ɗalibi ya rubuta lambobin kiran da ya ji da lokacin da ya ji su, washegari su nemo ƙasashen a taswira.