Jika 150 ke hannuna, wace gita zan saya?

Bahagon Tela: Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema, don Allah a karanta har ƙarshe kafin a amsa. Shekara biyu ke nan ina koyo da gitar aro, ta wani abokina da muke fada ɗaya a Ali Dan Sofo. Yanzu ya samu aiki Damagaram, ƙarshen wata zai tafi da abarsa. Na tara jika 150 na sefa daga ɗinkin salla, bayansu ko dala ba ni da ita. Uku ne a gabana. Wani malamin lakkol a unguwar Zariya zai sayar mini da Yamaha F310, wadda ba ta son wuta, jika 70. Akwai Squier ta wuta, ta hannu, a Yamai, ɗan kawuna ya gani, jika 130, amma ni hoto kawai na gani. Sai Yamaha Pacifica sabuwa, ita ma ta wuta, da wani direba ya ce zai kawo mini daga Kano. Kiɗan da raina ke so na mutanen Agadas ne, amma na cefane a biki da suna ake samunsa, can kuma waƙar Hausa ake so. Abu biyu a lura da su: ni bahago ne, kuma ba ni da ampili, wato akwatin ƙara murya da ake jona gitar wuta.

Ɗan Mokoyo: Ka sayi Gibson ka huta. Sauran duk wasan yara ne.

Mushe na Burja: Ɗan Mokoyo, ka ga kuɗin da ya faɗa kuwa? Gibson Les Paul ta gaske ta haura miliyan. Ƙanena, kiɗan Agadas yana son murya siririya mai kaifi, yadda kowace tsirkiya za ta fito ita kaɗai ko yatsa na gudu. Ƙirar Stratocaster ce ke ba da wannan, saboda mikiro uku sirara da ke jikinta, masu ɗaukar sautin tsirkiya su kai wa ampili. Tun 1954 Fender ta fito da ita, Squier ɗin da ka ambata ma ta gidan Fender ce, mai sauƙin kuɗin. Les Paul mikironta tagwaye ne, muryarta kauri gare ta, masu kiɗan rok suka fi sonta, ga nauyi. Rataya ta awa huɗu a filin biki, kafaɗarka za ta ba ka labari. Pacifica ta haɗa biyun: sirara biyu, tagwaye ɗaya kusa da jaki. Da ni ne ita zan ɗauka, ta yi maka Agadas ta yi maka biki.

Bazabarme a Maradi: Jaki kuma a jikin gita? Lallai Gobirawa sun samu abin hawa zuwa kasuwar Tibiri.

Bagobirin Tibiri: Jaki shi ne inda tsirkiya ke hawa, ko a goge haka ake ce masa. Je ka ci koptonka ka bar manya su yi magana.

Tsohon Solo: Ƙanena, da na ga kalmar Kano da direba sai da gabana ya faɗi. Ka zauna ka ji nawa. Shekara uku da suka wuce na sayar da tumaki biyu da na yi wata takwas ina kiwo, na bi ta Dan Issa da Jibiya na shiga Kano da kaina, ba aike ba. A wani shago na ga wata ja, an rubuta Fender a kanta, tana ƙyalli kamar amarya. Mai shagon ya jona ta a wani ƙaton ampili, na buga, na ji kamar ba hannuna ba. In an juya kuɗin zuwa sefa jika 85 na biya. A mota ban yarda an ɗora ta sama ba, a cinya na riƙo ta har Maradi.

Wata biyu lafiya lau. Da hunturu ya shigo sai na ga tsirkiya tana ta yin nisa da wuya, har ɗan yatsana na shiga tsakani a wajen ƙarfe na 12 na jikin wuyan. Bakin ƙarafunan wuyan suka fito gefe suna yankar mini hannu, don katakon ya tsotse. Na kai ta wurin wani dattijo mai gyara, ya sa makulli a sandar ƙarfen da ke cikin wuya don ya miƙar da ita. Makullin na ta juyawa fayau, bai kama komai ba. Ya dube ni ya ce, ɗana, wannan ƙarfen ado ne. Ya sa farce a sunan da ke kanta, sai ga shi yana ɗagowa, ashe takarda ce aka liƙa aka shafe da mai. Babu abin da ya haɗa ta da kamfanin da aka rubuta.

Ba kuɗin ne suka fi ci mini rai ba. Ranar wani biki a Madarumfa, ana tsakiyar rawa, na hau solo, duk inda na danna a saman wuya sai ta fita daga murya. Maigidanmu bai ce mini komai ba. Ya taka a hankali ya je ya rage muryata har ƙasa, ya ce mai piyano ya ci gaba. Na tsaya a gaban jama'a ina motsa yatsu ba mai jina, har aka tashi. Daga ranar ba su sake kirana ba. Na koma Kano da ita, mai shagon ya ce kayan da ya fita ya fita, ai ni ne na bar ta a rana. Tana nan rataye a ɗakina, ban iya sayar wa kowa ita ba don ina tsoron Allah.

Ƴar Sabon Gari: Allah ya mayar maka da alheri, Yaya. Abin ba daɗin ji.

Ɗan Mokoyo: Ni ma haka aka yi wa wani ɗan unguwarmu, amma shi a Yamai ne, ba Kano ba.

Direban Jibiya: Kada a ɓata wa Kano suna. Akwai na banza akwai na kirki, kamar ko'ina. Watan jiya na kawo wa wani yaro Pacifica a kwalinta, jika 110 har kuɗin mota.

Mushe na Burja: Sabuwa a 110? Ni na tambaya a Yamai, 190 aka ce mini, ba ragi.

Bagobirin Tibiri: 140 ɗan'uwana ya saya, kuma da jaka da igiyar jonawa.

Direban Jibiya: Mushe, kai da sefa kake lissafi, ni da naira. Ranar da naira ta faɗi, mai sefa sarki ne a kasuwar Kano. Je ka tambayi ƴan canji.

Mushe na Burja: Naira ta faɗi, amma mai shagon da dalar Amurka ya shigo da kayansa, shi ma yana ƙara kuɗi. Kuma Pacifica ba ɗaya ba ce, akwai 012 akwai 112, kuɗinsu ba ɗaya ba. Yuro ɗaya sefa 656 ne, wannan ba ya motsi. Ka duba kuɗinta a shagunan Faransa ka lissafa, in ka ga wanda ke ba ka ita rabin haka, tambayi kanka dalili.

Tsohon Solo: Dalilin na rataye a ɗakina, duk mai son gani ya zo.

Baba Orkesta: Yara, na karanta duk abin da kunka rubuta. Mushe, ina girmama ka, amma biki nawa ka taɓa yi? Sanin salula daban, sanin fili daban. Mu da munka fara, gita guda mutum huɗu ke karɓa-karɓa, in tsirkiya ta tsinke a ɗaure ta a ci gaba. Mdou Moctar, makaɗin gitar nan na Nijar da duniya ke kallo yau, da wayar birkin keke ya haɗa gitarsa ta farko. Hannu ke kiɗa, ba suna ba. Yaro ya sayi ta jika 70 ɗin nan da ke gabansa, wadda zai taɓa da hannunsa kafin ya biya, ya riƙe sauran kuɗinsa. Wuyanta na da tauri, in ya saba da ita, ran da ya kama ta wuta zai ji kamar auduga.

Mushe na Burja: Baba, ban yi biki ko ɗaya ba, gaskiya ne. Amma shekara tara ina koyar da yara a gida, na ga waɗanda suka bar gita saboda yatsunsu sun fashe a kan tsirkiya mai tauri. Kuma ta yaya za a ji F310 a fili, ga kalangu ga piyano?

Baba Orkesta: A sa mata mikiro a baki. Haka munka yi.

Ɗan Mokoyo: Wancan zamani ne, Baba.

Baba Orkesta: Kai da ka ce a sayi Gibson da jika 150, yi shiru.

Ƴar Sabon Gari: Ni a ƙungiyar waƙa ta majami'armu nake bugawa, kuma Yamaha C40 gare ni, mai tsirkiyar roba. Don rakiyar murya ba ta da matsala, taushi gare ta, ba ta cin yatsa. Amma ba za ta yi maka kiɗan Agadas ba, wuyanta faɗi ne da shi. Abin da nake so in ce: kada kowa ya sa wa irinta tsirkiyar ƙarfe. Wani yaronmu ya gwada, cikin sati biyu jakin ya ɗago daga jikin katako, don ba a yi ta don wannan jan ba. Maganar hunturu kuma, Yaya Solo, ni soso nake jiƙawa in matse shi sosai, in sa a gidan sabulu mai huda-huda, in ajiye cikin jakarta in rufe. Daga Disamba har zafi ya wuce haka nake yi. Kuma ba na jingina ta a bangon da rana ke duka.

Bahagon Tela: Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Amma har yanzu ba wanda ya taɓa maganar hagun nan. Ta abokina a kife nake buga ta, tsirkiya mai kauri a ƙasa. In na sayi tawa, in juya tsirkiyoyin ko in bar su? Kuma in na ba da 130 ko 140 a ta wuta, da me zan sayi ampili?

Mushe na Burja: Afuwan, ƙanena. Ana yin Pacifica ta bahagwai, 112JL, amma sai an yi oda. In za ka juya ta dama, dole a canza ɗan farin abin nan da tsirkiyoyi ke bi a saman wuya, don ramukansa ba ɗaya ba ne. A ƙirar Stratocaster kowace tsirkiya da nata wurin saiti a jaki, za ta daidaitu, sai dai maɓallan za su dawo ƙarƙashin hannunka. Jimi Hendrix, shahararren makaɗin gita na Amurka, haka ya yi da tasa. A F310 jakin a karkace yake, in ka juya, murya za ta riƙa kaucewa a sama. Mdou Moctar da Baba ya ambata ma bahago ne.

Bagobirin Tibiri: Ampili dai a kula. Nawa daga Amurka wani ya aiko mini, na wuta 110 ne, mu kuma 220 gare mu. Ban duba bayansa ba na jona. Ƙara ɗaya ya yi, ɗaki ya cika da hayaƙi.

Bazabarme a Maradi: Bagobiri da karatun bayan ampili? Ai da ka kawo na karanta maka.

Tsohon Solo: Ni tambayata, ko ya sayi ampilin, wa zai kira shi? Bikin yanzu yaro ɗaya ne da piyano da kwamfuta, ya danna, ganga ta fito, gita ta fito, algaita ta fito. Uwar biki ta biya mutum ɗaya maimakon bakwai.

Baba Orkesta: Nan ka taɓo inda ke mini ciwo. Bikin da munka yi bayan sallar layya, an yi ciniki jika 60, mu shida, da kuɗin mota da man injin wuta duk a ciki. Munka yi tun la'asar har sha biyun dare. Da anka tashi, uban ango ya miƙo 35, wai sauran ai mun samu a liƙi. Liƙin da ƙawayen amarya sunka kwashe rabi, wai na amarya ne.

Direban Jibiya: Laifinku ne, Baba, da ba ku karɓar rabi tun kafin ku sauke kaya. Ni ko buhun gero ba na ɗauka sai na ga kuɗin mota.

Baba Orkesta: In ka ce a ba ka kafin alƙalami sai a ce makaɗi ya yi girman kai, gobe a kira mai piyano.

Ƴar Sabon Gari: To me ya hana ku haɗa kai ku tsayar da kuɗi ɗaya? Masu ɗaukar hoto sun fi ku wayo a nan.

Tsohon Solo: An gwada. Mun zauna, an sha shayi, an yi alkawari. Sati bai cika ba wani ya je ya karɓi biki a rabin kuɗin, kuma yana cikin waɗanda suka fi ɗaga murya ranar.

Ɗan Mokoyo: Wane ne? A faɗi sunansa.

Baba Orkesta: Ba a nan ba. Ya san kansa, kuma yana karantawa.

Bahagon Tela: Malamin lakkol ɗin ya kira ni yanzu, wai wani ya taya 65, in ba shi amsa kafin Juma'a. Baba, in na karɓo ta gobe da yamma in kawo maka ka duba mini wuyan?

Bagobirin Tibiri: Baba, jika 25 ɗin nan da suka rage, kun bar masa ke nan?