Me ya sa totur ke ƙara tauri idan inji na aiki?

Sabon Direba: Assalamu alaikum masana mota. Me ke sa totur ya yi laushi idan mota na kashe, amma da an tayar da inji sai ya ɗan cije, musamman a farkon takawa? Birki kuwa akasin haka yake yi. Lahani ne ko haka abin yake?

Oga Sifana: Wa alaikumus salam. In totur ɗin mai waya ne, wato wanda wayar ƙarfe ke haɗa fedarsa da inji, aikin iska ne. Wayar tana juya wani faifai da ke cikin maƙogwaron da iska ke bi ta shiga inji. Idan inji na silo, faifan kusan a rufe yake: fistin na zuƙa ta ciki, iskar waje na dannawa ta gaba. A faifai mai faɗin milimita 60, dannawar takan kai wajen kilo 18. Da yake sandar faifan ta ratsa tsakiyarsa, wannan nauyi ba ya hana shi juyawa, sai dai yana matse sandar a jikin bushinta. Gogayyar nan ce ƙafarka ke ji. Da faifan ya buɗe zuƙar ta ragu, sai ya saki.

Birki kuwa wannan zuƙar ce dai ake ja da tiyo zuwa tulun da ke bayan fedarsa, ita ke taya ka dannawa. Shi ya sa yake laushi bayan an tayar.

Ɗan Gareji: Gaskiyar Oga ne, amma a lafiyayyar mota da ƙyar za ka ji bambancin. In har yana cijewa sannan ya ɓalle, motar ta zabura, to baƙar dauɗa ce ta taru a gefen faifan. Kashe inji, cire tiyon iska, fesa maganin wanke kafireto a tsumma, ka goge gefen faifan da inda yake zama, gaba da baya. Kada ka kankare da ƙarfe, kuma kada ka taɓa sukurun da faifan ke tsayawa a kai. In ka sassauta shi faifan zai riƙa maƙalewa a bangon maƙogwaron. Sannan girgiza sandar da hannu. In tana wasa, bushi ya cinye, wanki ba zai yi magani ba.

Injiniya: Malam, kafin a kwance komai a raba gardama: zare wayar daga maƙogwaron, a tayar da inji, a taka feda, a kuma juya faifan da hannu a hankali. Inda taurin ya tsaya, nan ciwon yake. In a wayar ne, a duba robobin da inji ke zaune a kai, don in sun mutu inji na karkacewa ya lanƙwasa ta. A duba wayar at ta inji ma, wato wayar wutar da ke haɗa jikin inji da bodin mota ko batir. Idan ta saki, wuta kan bi ta wayar totur ta narka robar cikinta, kuma sabuwa ma haka za ta ƙone in ba a gyara at ɗin ba. Tsofaffin motoci masu giyar otomatik suna da waya ta biyu zuwa giyabos, wadda ke tura bawul ɗin da man giya ke dannawa, ita ma takan ƙara nauyi.

Totur na lantarki kuwa sifirin da sensa kawai ke jikin fedar, babu wayar ƙarfe da ke jan faifan. A irin wannan sai a duba kafet ko ya shige ƙarƙashinta, ko kuma motar na da tsarin tsimin mai da ke turo feda baya, kamar ECO Pedal na wasu motocin Nissan.