Kujerar hagu a gida ko kujerar dama a waje?

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ni mataimakin matuƙin jirgin sama ne, iyalina suna Yamai, tsohuwata tana Tawa. Shekara huɗu ke nan ina tuƙa ATR 72, jirgin fasinja mai farfela, a wani ƙaramin kamfani. Awoyina sun haura 1500, na samu lasisin ATPL, wato babban lasisin da ake buƙata kafin a zama kyaftin, kuma shugaban matuƙanmu ya ce baɗi za a gwada ni a kujerar hagu, in zama kyaftin. Ana cikin haka wani kamfani na waje ya neme ni. Boeing 737 ne, jirgin jet, albashi ya fi, amma zan ci gaba da zama a kujerar dama, a ƙarshen layi. Su za su biya kuɗin horon jirgin, ni kuma in sa hannu ba zan bar su ba sai bayan shekara uku.

Abin da ke tura ni, albashinmu ya fara makara. Jiya har ƙarfe biyun dare ina jujjuya littafin awoyina, shayin da maiɗakina ta aje mini ya huce ban taɓa ba. Don Allah ku ba ni shawara.

Wani tsohon kyaftin:
Wa alaikumus salam ɗana. Ni dai na ce ka daure ka hau kujerar hagu tukun. A wannan sana'a, ranar da ka canja kamfani girmanka ba ya bin ka, daga ƙasa za ka soma, hutu da ƙarin girma duk sai na gabanka sun zaɓa sun rage. Awoyin kyaftin kuwa naka ne har abada. Lokacin da kamfanin jiragen sama na Air Afrique ya rufe a 2002 matuƙanmu sun watsu neman aiki, ba abin da mutum ya fita da shi sai lasisinsa da abin da ke rubuce cikin littafinsa. Amma fa "baɗi" ta fatar baki ba alkawari ba ce. Ka nemi a rubuta maka.

Wani matuƙi:
Baba, a gafarce ni, ina da ja. Kamfanoni da yawa in za su ɗauki kyaftin na jet, awoyin jet suke tambaya, ba na mai farfela ba. In burinsa manyan jirage ne, gara ya shiga layin tun da ƙuruciya. Ana tuƙa fasinja tsakanin ƙasashe har shekara 65, lokaci bai ƙure masa ba. Kuma makarar albashi ba alamar lafiya ba ce.

Wata ma'aikaciyar ofishin kamfanin jirage:
Ƙanena, ni takardar ce ta dame ni. Kafin ka sa hannu ka tambaye su: bashin horon nan, wato kuɗin da za ka mayar musu in ka tafi kafin shekara ukun, yana raguwa duk wata, ko ko ranar ƙarshe ka tashi dukansa za ka biya? In ka faɗi gwajin similata, na'urar kwaikwayon tuƙin jirgi, wa zai ɗauki asarar? In su suka sallame ka fa? Sannan lasisinka sai hukumar jiragen sama ta ƙasar da jirgin ke da rajista ta amince da shi, kada ka aje aikinka kafin wannan ya fito. Ka duba kuma da wane kuɗi za a biya ka. Sefa tana ɗaure da yuro, wasu kuɗaɗen kuwa suna iya zubewa cikin wata shida, albashin da ka gani babba ya koma ba komi.

Wani ɗan Tawa:
Ka je ka zauna gaban Inna ka faɗa mata da bakinka, ba ta waya ba. Ka yi istihara.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Yaya, wallahi ban tambayi ko bashin yana raguwa ba, yanzu na aika musu. Baba, gobe zan ga shugaban matuƙa kan maganar rubutawa. Ranar Juma'a kuma in sha Allah zan kama hanyar Tawa.