Ramin gaban kunne: wa aka taɓa yi wa tiyatarsa?

Maman 'yan biyu, Makka: Assalamu alaikum. Da ɗan rami kamar hudar allura aka haifi Hassanata, a gaban kunnen dama. Shekara bakwai bai dame ta ba. Sai bayan aikin Hajji ya kumbura, yana fitar da mugunya mai wari. Likita ya ce sai tiyata, amma ba yanzu ba. Me ake jira kuma?

Direba, Jidda: Wa alaikumussalam Hajiya. Ki bi maganarsa, ni gaggawa ce ta ci ni. Ana cikin kumburin na matsa aka yanke shi a wani mustausaf, wato ƙaramin asibiti, wata biyar ya dawo. Ashe abin da ido ke gani baki ne kawai. A ciki siririyar hanya ce mai rassa, manne da guringuntsin kunne, ko guntu aka bari sai ya sake taruwa. A karo na biyu likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya fara ba ni maganin kashe ƙwayoyin cuta har wajen ya lafa, sannan ya zuba shuɗin ruwa ya bi sawun hanyar, ya cire ta har da ɗan guringuntsi. Shekara uku ke nan shiru.

Ɗalibar jinya, Madina: Gaskiya ne Baba. Tun wajen mako na 6 na ciki yake samuwa, lokacin da 'yan tudu 6 ke haɗuwa su zama kunne. Yana bin jini, kuma ya fi yawa a Afirka da Asiya. Akwai wanda ba a cika gani ba, bakinsa a cikin lanƙwasar kunne ko ta baya, sai a yi ta tsaga shi a zaton maruru ne. Anti, idan jinta ya ragu ko akwai wani ramin a wuya, a gwada jin, a ɗauki hoton ƙoda, don wani lokaci yakan zo tare da matsalar ji da ta ƙoda.

Tela, Makka: Ni biyu gare ni, hagu da dama. Kakata cewa take alamar arziki ce, har yau dai muna jiransa. Ban taɓa tsokana ba, bai taɓa ciwo ba.

Maman 'yan biyu: Na gode. Kakarta ce ma ke tura masa tsinke, wai tana fitar da datti. Yau zan ɓoye tsintsiyar.