Ungogo ta cika ta batse, amma wakili ɗaya muke rabawa da Minjibir: wa ke da alhakin gyara iyakar mazaɓu?

Tela na Rijiyar Zaki:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni tela ne. A Gwammaja da ke ƙaramar hukumar Dala a Kano aka haife ni, can na yi rajista a 2011, lokacin da aka zo da kwamfutocin nan masu ɗaukar hoto da zanen yatsa. Da iyali suka ƙaru gidan gado ya yi mana kaɗan, sai na sayi fuloti a Rijiyar Zaki na gina ɗaki biyu. Ranar zaɓen 2023, da yake an hana ababen hawa fita, ina sallame asuba na kama hanya a ƙafa har Gwammaja. Na dangwala wa wakilin Dala, alhali kwatar da ke maido mana ruwa cikin gida duk damina tana Ungogo. Wannan sakacina ne, ban sauya rumfa ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan. Muna yara nan wurin gonakin gero ne. Yau daga Rijiyar Zaki zuwa Bachirawa ba masaka tsinke. Amma a Majalisar Wakilai, Ungogo da Minjibir mutum ɗaya ke wakiltarsu, Fagge kuwa ita kaɗai tana da nata, Tarauni ma haka. Wa ya yi wannan rabon? Hukumar Zaɓe ce ko gwamna? Kuma me ya hana a sake dubawa?

Tsohon Hedimasta:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ba gwamna ba ne. Rabon da ake aiki da shi tun 1996 aka yi shi, zamanin Abacha, lokacin hukumar zaɓe sunanta NECON. INEC da aka kafa a 1998 gadonsa ta yi. Kujeru 360 ne a Majalisar Wakilai, Kano tana da 24 a ƙananan hukumomi 44, shi ya sa ka ga an haɗa wasu biyu-biyu, wasu ma uku, kamar Rano da Bunkure da Kibiya.

Maganar katinka kuwa mai sauƙi ce. Idan an buɗe rajista, ka je ofishin hukumar na Ungogo da katin, ka ce za ka yi tiransifa. Kada ka kuskura ka yi sabuwa. Na'ura tana gane mai rajista biyu, ta biyun za a soke, ka sha ranar banza a layi.

Wata Lauya daga Kaduna:

Baba Hedimasta ya yi daidai, bari in ɗora. Sashe na 71 na kundin tsarin mulkin 1999 ne ya ba INEC aikin raba ƙasa zuwa mazaɓu. Na 72 ya ce yawan jama'ar kowace mazaɓa ya yi kusa da na sauran gwargwadon yadda zai yiwu. Na 73 ya ce a riƙa sake dubawa, amma tsakanin dubawa da dubawa kada ya gaza shekara 10. Malam Tela, ka lura da lafazin: an faɗi mafi ƙarancin lokaci, ba a faɗi mafi yawansa ba. Ta wannan kafar shekaru suka yi ta zurarewa.

Sai babban ƙullin, sashe na 74. Ko hukumar ta gama aikinta, sabon rabo ba zai fara aiki ba sai majalisun tarayya biyu sun amince. Kuma kujerun 360 ne ba ƙari. Kafin Ungogo ta samu nata ita kaɗai, sai wani wuri ya rasa nasa. To wane ɗan majalisa ne zai ɗaga hannu a soke kujerar da yake zaune a kai? Ga kuma ƙidaya, rabonmu da ita tun 2006, kuma da alƙalumanta doka ta ce a yi awon, ba da rajistar masu zaɓe ba.

Kwamitin Mai Shari'a Uwais da marigayi 'Yar'aduwa ya kafa ya hango wannan tun 2008. Ya ba da shawarar a cire shata mazaɓu daga hannun INEC a ba wata hukuma ta daban. Ba a yi ba. Ni a ganina ko an yi, muddin sa hannun ƙarshe yana wurin masu kujerun, ba za ta sauya zane ba.

Ɗan Kasuwar Kwari:

Hajiya Lauya, ku daina ɗora komai a kan majalisa. Mu talakawa ma da namu. A 2014 Farfesa Jega, shugaban INEC na lokacin, ya so ƙara rumfuna 30,000, rumfuna fa kawai, ba kujeru ba. Ƙasa ta ɗauki zafi, aka ce an fifita Arewa, dole ya janye. Sai a 2021 Farfesa Mahmood Yakubu ya samu ya mai da su 176,846 daga kusan 120,000. Sannan da aka buɗe sababbin, mutane suka ƙi komawa. A 2023 hukumar da kanta ta ce rumfuna 240 ba su da mai zaɓe ko ɗaya. A layinmu tsohuwar rumfa ta cika maƙil har bayan la'asar, sabuwar da ke bayan masallaci malaman zaɓe na zaune suna jiran mutane.

Ɗalibi a Nairobi:

Salam. Karatu ya kawo ni Kenya, kuma nan sun bi wata hanya. Sunan hukumarsu ma ya haɗa zaɓe da iyakoki, IEBC. Mazaɓunsu 290 ne, kundin 2010 ya ce a duba su tsakanin shekara 8 zuwa 12, wato akwai wa'adin ƙarshe. Majalisa ba ta da ikon hana rabon aiki, wanda bai gamsu ba sai ya tafi Babbar Kotu. Duk da haka wa'adin 2024 ya wuce ba a yi ba, domin daga farkon 2023 har zuwa 2025 hukumar ta zauna ba kwamishinoni, 'yan siyasa sun kasa daidaitawa kan waɗanda za a naɗa.

Tela na Rijiyar Zaki:

Allah Ya saka da alheri. Hajiya Lauya, maganar sashe na 74 ta kashe mini jiki, ba zan ɓoye ba. Shekara da shekaru ina ganin laifin hukumar ita kaɗai, ashe ko ta zana sai an sa mata hannu.

Amma Alhaji na Kwari ya taɓa ni inda ke mini ciwo. Na zauna jiya na lissafa layinmu: gida goma sha ɗaya, bakwai daga cikin gari muka taso, kuma duk wanda na tambaya katinsa yana Dala ko Gwale ko Birni. Ke nan a takarda ba ma Ungogo. Ɗan takara idan ya duba rajista ba zai gan mu ba, balle ya tuna da kwatarmu.

Baba Hedimasta, in an buɗe zan je da mai ɗakina da maƙwabta a mota ɗaya. Tambaya ɗaya ta rage: babban ɗana ya cika 18 a bana, bai taɓa yin rajista ba. Takardar haihuwarsa ta isa, ko sai ya tafi da katin ɗan ƙasa?