Shawarwari ga mai son koyon salon Chuck Berry

Mai koyon salon Chuck Berry (1926–2017), mawaƙi kuma makaɗin jita ɗan St. Louis a Amurka, ya fara da hannun dama, mai bugun igiyoyi. Kowa na ɗokin sassarfar da yake buɗe waƙa da ita, alhali ƙashin bayan salon yana kan igiyoyi biyu masu kauri: a hannun hagu manuniya a kafe, ɗan ƙaramin yatsa yana kai da komo, hannun dama kuma yana yin bugu 8 daidai wa daida a kowace gaɓar kiɗa. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin bugun ya yi ɗingishi (bugu ɗaya dogo, ɗaya gajere) irin na kiɗan buluz. A faya-fayansa na kamfanin Chess a Shikago, sau da yawa mai ganga ne ke ɗingishin, jita kuwa a miƙe take, kuma a wannan gogayya daɗin yake.

Sassarfar, a danne siraran igiyoyi biyu tare da yatsa ɗaya. Igiya ɗaya ba ta cika kunne.

Masu rubuta waƙa kuma su kula da takardar haƙƙin mallakar waƙa. Waƙarsa Maybellene ta 1955 ta fito da sunayen Alan Freed, mai saka faya-fayai a rediyo, da wani Russ Fratto kusa da nasa a matsayin marubutanta, sai 1986 aka mayar masa da haƙƙinsa shi kaɗai.