Mata 30, ƙyalle ɗaya: a gida za a ɗinka ko a haɗu?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙungiyarmu mata 30 ce, muna son yin babban ƙyallen bango, kowa ta yi surfani a yanki ɗaya sai a haɗe. Kowa ta tafi da nata gida, ko mu riƙa zama tare? Sati shida ya rage mana.

Anti Tela: Wa alaikumussalam. Mutum ɗaya ta yanka duka, da kwali ɗaya. Inci 13 kowane gefe, rabin inci na ɗinki a kowane baki, a tashi da 12. Jeri shida, kowanne yanki biyar, ya ba ku ƙafa 5 da ƙafa 6. A wanke yadin a goge kafin almakashi ya taɓa shi, don auduga tana motsewa, jan launi kuma yana zuba.

Uwar Zare: Rabin inci ɓarna ce, kwata ya isa.

Anti Tela: Ga mai keke ya isa. Ɗinkin hannu a kwata zarewa yake. Kuma in kowane yanki ya kauce da kwata, a jerin shida kin rasa inci ɗaya da rabi, kusurwa ba za ta haɗu ba. Ku sa siririn yadi mai inci 2 tsakani, yana shanye kuskure.

Hajiya Babba: Ba awo ke kashe irin wannan aiki ba, 'yata. Gida ne. Yanki 30 su fita, 22 su dawo, ɗaya da tabon mai, ɗaya an ja zaren har ya tattare kamar bakin jaka. Masu zuwa kullum su kwana suna cike gurbin wasu, ranar nuni kuma waɗanda ba su riƙe allura ba su ne a gaban hoto.

Uwar Zare: Hajiya, da girmanki, tambayar fasaha aka yi, a bar masu sana'a su amsa. Babban ƙyallen tunawa da waɗanda cutar ƙanjamau ta kashe, da aka fara a Amurka a 1987, daga wurare daban-daban ake aiko yankunansa. Awon ne ɗaya, ƙafa 3 da 6.

Hajiya Babba: Can ƙyalle ake nema. Nan matan ake son haɗawa.

Ƙanwar Kowa: In an haɗu ɗin, a sa mai tsaron almakashi, shi ke fara yin ƙafa 😂

Maman Biyu: To ko zama biyu a sati, wadda ba ta gama ba ta bar nata a wurin?

Yaya Mai Surfani: Kafin nan ku rubuta ƙyallen na wa ne in an gama. Kowa ta ɗinka sunanta a bayan yankinta kafin a sa shafi, ba da biro ba. Sau da yawa shugaba ke ajiye ƙyallen "na ɗan lokaci", daga nan ba a ƙara ganinsa. In an samu mai saye fa, wadda ta haɗa duka 30 a keke rabonta ɗaya da mai yanki ɗaya?

Anti Tela: Wannan kam ba adalci ba ne. Haɗin kaɗai da shafi da aljihun sandar ratayewa yini biyu ne cur.